Alamar Baba Ɗalha a Kan Masarata

Ranar Talata ce, kwana uku bayan ruwan farko ya sauka a Birnin Gwari. Ruwan bai yi wani abin kirki ba, ya dai jiƙa ƙasa ya tayar da zafi. Tun safe hadari ke haɗuwa yana watsewa, gumi kuwa ko a zaune kake sai ya bi ta gadon bayanka. Ina rumfar cajin waya a bakin tasha, na miƙe ƙafa a kan benci ina jiran tawa ta cika, sai saƙon Zulaiha ya shigo.

"Ka zo gida yanzu. Mutanen kotu suna bakin sito."

Na karanta sau biyu, na zare wayar tana kashi arba'in, na kama hanya.

Ga waɗanda yau suka fara bin labarin nan, sunana Salim, ɗan Kusasu ne ni. A aji uku na sakandare na ajiye makaranta. Na yi acaɓa, na yi haƙar zinare wata huɗu na dawo da tari, na zauna wajen tela sati shida na gudu. Mahaifiyata takan ce ƙafata ba ta san zama ba. Abu biyu kaɗai na taɓa riƙewa ban saki ba: gonar da na noma bara, da Zulaiha.

Zulaiha ƴar Malam Ɗalha ce, mai sayen hatsi a ƙauyuka yana kawowa gari. Manya sun zauna, an sa mana rana, Asabar ta biyu bayan Babbar Sallah. Sadakina, lefena, da kwanon da zan rufa ɗaki da shi, duk suna cikin buhu goma sha huɗu na masara da na ajiye a siton mahaifinta ina jiran farashi ya tashi.

Sai na yi muku bayanin yadda suka je can, don a nan kuskurena yake.

A wajenmu ba a son a ga yaro da kaya. Idan mota ta tsaya a ƙofar gidanku aka loda buhu goma sha huɗu, kafin ta hau kwalta an ƙirga su, kuma akwai masu kai lissafin daji. Sai a wayi gari an ɗauke ka ko an ɗauke tsohuwarka, a ce a kawo kuɗin masara. Amma kowa ya san Malam Ɗalha yana sayen hatsi, kowa kuma ya san alamarsa: zagaye da jan fenti, da ɗigo uku a ciki. Buhun da ke ɗauke da ita ba a tambayar na wane ne.

Ni na kawo shawarar, kada wani ya ɗora wa tsohon. Ni na ɗauko gwangwanin fenti daga sitonsa, na naɗa tsumma a kan kara, na bi buhunana ɗaya bayan ɗaya na zana musu alamarsa. Nababa direba ya kawo su gari a tafiya biyu. Ba mu rubuta komai ba. Wa zai nemi takarda a wajen surukinsa?

Na san ana bin Malam Ɗalha bashi. Shekara biyu da suka wuce ya karɓi taki a wajen Alhaji Mailafiya don babbar gonarsa ta wajen Kakangi. Masara ta yi kyau, mutanen daji suka hana girbi, ta bushe a tsaye har shanu suka gama da ita. Wannan duk gari ya sani. Abin da ban sani ba shi ne maganar ta kai kotu, har an yanke hukunci.

A hanya ina ta zaton zan tarar da ihu da fasa ƙofa, irin yadda ake ba da labari. Da na karyo kwanar gidan sai na ga kamar ana jiran ɗaurin aure ne. Wata a-kori-kura a tsaye. Ɗan sanda ɗaya a zaune kan kifaffen turmi, ya cire hula yana shan zoɓon da Inna Furera, mahaifiyar Zulaiha, ta aiko daga ciki. Malam Ɗalha yana kan buzunsa a inuwar zaure, sanye da farar shaddar da yake zuwa Juma'a da ita, da hula zanna. Ashe tun jiya aka sanar da shi zuwansu, shi ne ya yi musu kwalliya.

Na durƙusa.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau, Salimu. Ya mutanen Kusasu?"

"Suna lafiya."

"Madalla. Samu wuri."

Masinjan kotun wani gajeren mutum ne mai suna Obed, ya cusa riga cikin wando, biro a bayan kunne, fayil ɗinsa a cikin leda saboda hadari. Hausa a bakinsa tas, sai dai in ka kasa kunne za ka ji harshen Gwari a ƙarƙashi. Yana tsaye a bakin sito yana rubutu yana karantawa da ƙarfi don tsohon ya ji.

"Sikeli ɗaya. Dawa buhu uku. Masara buhu goma sha huɗu." Ya leƙa bayan ƙofa. "Keke ɗaya. A'a, Malam, keken nan mu bar shi. Ko a gwanjo ba wanda zai taya."

"Ya girme ka ai," in ji Malam Ɗalha.

"Shi ya sa zan ba shi girmansa."

Har ɗan sandan sai da ya yi dariya. Ni kuwa idona yana kan buhunan. Na san kowanne. Ɗinkin bakinsu ma nawa ne, ɗan abin da na tsira da shi daga wajen tela.

Obed ya mayar da biro bayan kunne, ya juyo.

"Malam, ni ɗan aike ne, kuma doka ta ce in tambaya kafin in taɓa komai. Akwai kayan wani a cikin nan? Ajiya, ko jingina?"

Malam Ɗalha ya ci gaba da jan carbinsa yana kallon katangar maƙwabta. Ni ina kallon ƙafafunsa. A bayan ƙyauren zaure na ji ƙarar awarwaro ya bugi katako, aka yi wani ɗan tari. Na san tarin.

Obed ya dube ni.

"Kai fa, samari? Tun ɗazu kake kallon buhunan nan kamar kun saba."

"Ɗana ne," in ji Malam Ɗalha.

Shekara biyu ina zuwa gidan nan, bai taɓa kirana haka ba. Salimu yake cewa, in ransa ya ɓaci ya ce yaron Kusasu.

Ku da kuke karantawa kuna iya cewa ai magana ɗaya ce, ka ce nawa ne a wuce wurin. Ku tsaya a inda na tsaya. Maƙwabta sun fito, ƴan dako suna jira, wakilin Alhaji Mailafiya yana cikin mota ya sauke gilashi. In buɗe baki in ce siton surukina dawa uku ce kawai a cikinsa, sauran duk na yaron da ke neman ƴarsa ne? A gaban idonsa, yana sanye da kayan Juma'a? Na jira ya faɗa da kansa. Bai faɗa ba.

"Ba komai, yallaɓai," na ce.

Aka fara lodi. Buhu na tara ya zame wa wani ɗan dako, sai kawai na ga hannuna ya kai na tallafa masa, muka jefa shi mota tare. Har yau idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Obed ya miƙa wa tsohon kwafin takarda, ya ce kayan za su zauna a harabar kotu kwana biyar na aiki kafin a yi gwanjo. Ya mayar da kofin zoɓo, ya ce a yi wa Inna godiya. Motar ta tashi a hankali saboda nauyi.

Washegari da safe na je kotu. Na tarar da Obed a bakin ƙofa wajen mai ƙosai, yana hura wanda ke hannunsa.

"Yallaɓai, tambaya ce da ni. Wani abokina ne ya ajiye kaya a gidan wani, sai kotu ta kwashe."

"Abokin nan naka," ya ce, bai ko ɗago ba, "dogo ne, mai tabo a gira?"

Na shafa girata.

"Zauna. Ci ƙosai." Ya matsa mini a benci. "Jiya na tambaya sau biyu. Ban saba tambaya sau biyu ba."

Ya yi mini bayani dalla-dalla, kamar mai koya wa yaro sallah. In je wajen mai rubuta takardu a gindin darbejiya, a rubuta wa alƙali cewa masarar tawa ce. In kawo wanda ya ɗauko ta ya yi shaida. In shigar kafin ranar gwanjo. Idan alƙali ya gamsu, za a cire buhunana a ba ni.

"Alamar fa?" na ce. "Tasa ce a jiki."

"Fenti ba ya rantsuwa. Mutum ke yi. Ka faɗi dalilin da ya sa ka zana, alƙalin nan ɗan ƙasar nan ne, ya san daji." Ya goge hannu da takarda. "Sai dai akwai abu ɗaya, kuma ba sirri ba ne, a gaban jama'a aka yi. Wata biyu da suka wuce Malam ya tsaya ya ce yana da buhu goma sha bakwai a sito, a ba shi lokaci farashi ya tashi ya sayar ya biya. Aka ba shi. Wata biyu suka cika bai sayar da ko tiya ɗaya ba. Na yi ta mamakin wannan taurin kai. Jiya na gane."

"To in na rubuta?"

"Za a kira shi. Ban ce za a ɗaure shi ba, dattijo ne. Amma zai tsaya inda ya tsaya wancan karon, ya ce abin da ya faɗa ba haka yake ba. Bashin kuma yana nan, in sake komawa gidan da wata takardar. Ni dai na faɗa maka hanya. Bi ko bari, naka ne."

Da la'asar na je zance. Zulaiha ta fito da koriyar atamfa da hijabi ruwan toka, lallen hannunta ya fara gogewa. Kullum da kofin ruwa take fitowa. Ranar ba komai a hannunta ta zo, ta zauna a can ƙarshen tabarma.

"Me ya hana ka magana jiya?"

"Ke me ya hana ki? Ina jin awarwaronki."

"Ni ina bayan ƙyaure. Kai kana gaban buhunka."

Na gaya mata duk abin da Obed ya ce. Ta saurara tana murza bakin hijabi.

"To ka rubuta."

"In tona wa Baba asiri?"

"Wane asiri? Wanda aka loda a mota gaban unguwa?"

"Masara ce kawai, Zulai. Wata daminar tana nan. Lefen sai a rage, ɗakin kuma in rufa da tsohon kwano."

"Ka ji manomi. Damina ɗaya ka yi, har ka fara kyauta da rumbu." Ta ɗan yi murmushi, sai kuma ya ɓace. "Ni ba lefe nake ji ba, Yaya Salim. Ko da akwati ɗaya zan tare. Tun ina shekara shida nake zuba wa Baba ruwan alwala, na san shi. Bashin Alhaji Mailafiya yana iya ɗauka. Naka ne ba zai iya ba."

"Ai ni ba bashi na ba shi ba."

"Kai ka san wannan."

Na ɗauka tsoro ne irin na mata. Tunda na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba, bari in faɗi sauran. Ba tausayin tsohon ne kaɗai ya riƙe ni ba. Akwai wani daɗi da na fara ji a ƙirji. Ni da ake cewa ban taɓa gama komai ba, yau ga shi zan fanshi gidan surukaina da gumina. Har na fara jin yadda za a riƙa faɗa a majalisa, da yadda zan sunkuyar da kai in ce ai ba komai.

Duk da haka na je gindin darbejiya, na biya naira ɗari biyar aka rubuta takardar. Nababa ya ce ko tsakar rana aka kira shi zai ajiye mota ya zo. Na ninke ta na sa a aljihun gaba. Kullum da safe saƙon Zulaiha yake tashina.

"Ka kai?"

"Gobe in sha Allah."

Ranar Juma'a: "Ka kai?"

"Yau rabin rana suke yi."

Ranar Litinin na je har bakin ƙofar kotun. Takardar ta yi laushi da gumi, tawadar ta fara bajewa. Na tsaya na kalli buhunana a ƙarƙashin tamfol, na sayi rake, na juya. Da ta turo "Ka kai?" na bar shi ba amsa.

Ranar Laraba aka yi gwanjo. Ba a ɗauki awa ɗaya ba. Ƴan kasuwa biyar ne suka zo, duk sun san juna, ba wanda ya matsa wa wani. Aka sayar ƙasa da farashin kasuwa. Da masarar da dawar da sikelin, kuɗin suka rufe bashin da ladan kotu, har aka sami ɗan canji aka sa a ambulan don Malam Ɗalha. Obed ya hango ni a jikin katanga, ya gyaɗa mini kai sau ɗaya, ya ci gaba da rubutu.

Na koma tasha ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga Makka.

Ranar Alhamis bayan la'asar Malam Ɗalha ya aiko in zo. Na sa sabuwar rigata mai ruwan ƙasa, na fesa turare. A zatona godiya za a yi.

Yana zaure shi kaɗai. Ya rame a kwana taran nan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bayan gaisuwa ya zaro wata takarda daga ƙarƙashin buzu ya miƙo mini. Da ajami ya rubuta, da hannunsa, limamin unguwa ya sa hannu a ƙasa.

"Karanta."

"Baba, ajamina ba ya nisa."

"To ga abin da ta ce. Ni Ɗalha, Salimu na Kusasu yana bina masara buhu goma sha huɗu. Masara zan biya, ba kuɗi ba, ko nawa ta kai ranar."

"Baba, ai na yafe. Wallahi tun ranar na yafe."

"Ban roƙe ka ba."

Ya faɗa a hankali, ba faɗa a ciki. Ya ɗan ja carbi.

"Ranar da mutumin nan ya yi tambaya, me ya sa ba ka ce naka ne ba?"

"Ku na jira ku faɗa, Baba."

"Ni ma kai na jira." Ya dube ni, karo na farko tun da na shigo. "Na riga na faɗa wa alƙali nawa ne. Bakina ba zai iya warwarewa da kansa ba. Amma da ka ce naka ne, da na ce e, gaskiya yaron ya faɗa. Kwana biyar ina zaune a nan da rigata a goge, ina jiran sammaci. Na shirya abin da zan ce. Kunyar yini ɗaya ce, da yanzu ta wuce."

Na rasa inda zan sa idona.

"Da kuka ce ɗanku ne ni, sai na ga kamar cewa kuke in yi shiru."

"Cewa nake kana da bakin magana a gidan nan."

Wata akuya ta leƙo zauren, ta juya. A cikin gida ana daka, sai aka tsaya.

"Jiya a masallaci," ya ce, "wani ya ce mini na yi sa'ar suruki. Wani kuma ya ce ashe Zulaiha buhu goma sha huɗu ce, da ya sani da ya kawo sha biyar. Wasa yake yi. Aka yi dariya, ni ma na yi." Ya gyara hularsa. "Ba zan ɗaura aurenta ina riƙe da kayanka ba, Salimu. Ba za a ce na biya bashi da ƴata ba. In ta yi yaji wata rana, ba zan iya kallonka in ce ka yi laifi ba. Na aika wa kawunka, an ɗage ranar."

"Zuwa yaushe, Baba?"

"Ranar da na sauke buhu na goma sha huɗu a ƙofar gidanku."

"Gonar Kakangi fa har yanzu ba a shiga."

"Ba a shiga."

"Sikelin ma an sayar."

"An sayar."

Na so in ce zan je in janye yafiyar, in ce a mayar da gwanjon, in ce wani abu. Babu abin da ya rage da za a ce. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, na shafa, na tashi. Ban ji awarwaro a bayan ƙyaure ba.

Ina isa bakin titi wayata ta yi ƙara, saƙon Zulaiha ne.

"Na ji komai. Ban yi fushi ba. Amma kada ka zo zance sai na neme ka, Baba ba zai iya ganinka a ƙofar gida kullum ba."

Na rubuta mata amsa mai tsawo, na goge. Na rubuta "To." Ta karanta.

Ga abin da ya tafi, yadda na lissafa shi a bencin tasha. Masara buhu goma sha huɗu. Naira ɗari biyar ta takardar da ban kai ba. Takin bana, don da kuɗin buhu biyu na yi niyyar saye. Asabar ta biyu bayan Babbar Sallah. Da kwana goma sha ɗaya, zuwa yau, da ban ji muryar Zulaiha ba.